Yoyon fitsari: kwana bakwai da roba sun isa, in ji bincike

'Yan uwana mata, kusan kowace cikinmu ta san wata da yoyon fitsari ya raba da kasuwa, da biki, wani lokaci har da ɗakin mijinta. Da yawa sun san ana ɗinke shi a gidan likita, amma sai su ce: wa zai riƙe mini yara in na je na kwanta makonni? Akwai wani bincike da ya taɓa wannan damuwa, kuma da Nijar aka yi shi.

Ciwon ba na iska ba ne, ba kuma jifa ba ce. In naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku ɗa bai fito ba, kansa yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, sai ƙofa ta buɗe. Ta nan fitsari ke zuba dare da rana.

In likita ya ɗinke ƙofar, yakan sa robar fitsari don mafitsara ta huta, ɗinkin ya kama. A da, yawanci kwana 14 ake barin robar, mace tana kwance a asibiti. To, likitoci suka gwada a ƙasashe 8: Nijar, Najeriya, Gine, Saliyo, Kongo, Habasha, Kenya da Yuganda. Mata 524 ne suka shiga, dukansu masu ƙofar da ba ta da wuyar gyara, waɗanda aka duba bayan mako guda aka ga ɗinkin ya riƙe. Rabi aka cire musu roba a kwana 7, rabi aka bari har kwana 14, aka bi lafiyarsu wata uku.

Sakamakon ya fito a mujallar likitoci The Lancet a 2015. Cikin mata 250 masu kwana 7, ɗinkin 10 ya warware. Cikin 251 masu kwana 14, na 8 ya warware. Wato kusan duk ɗaya ne. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke ji ana kira OMS, ta ba da shawarar a bar robar kwana 7 zuwa 10 bayan irin wannan aiki.

Mace za ta koma gida da wuri, kuɗin abinci da na mai jinya ya ragu, gado kuma ya samu ga wata da ke jiran layi. Sai dai a kula: maganar ta shafi ƙofa mai sauƙi ce kawai. Mai babbar ƙofa, ko wadda aka taɓa yi wa aiki bai kama ba, tana iya daɗewa. Likita ne ke yanke ranar cirewa. Kada wata ta ja robar da hannunta don ta ji an ce kwana bakwai.

Wadda ta ga fitsari na zuba bayan haihuwa mai wuya, kada ta jira arba'in. Ƙaramar ƙofa sabuwa wani lokaci roba kaɗai ke rufe ta, ba sai an yi fiɗa ba. Ana gyaran yoyo a Yamai da Damagaram, akwai kuma cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012. Ungozomar gidan likitan garinku za ta nuna muku hanya. Bayan an warke, a jira lokacin da likita ya faɗa kafin komawa shimfiɗar miji, ciki na gaba kuma a haife shi a asibiti.

A zamanmu na wannan mako, mu tambayi juna: a asusun taimako, nawa muka ware don kuɗin mota in naƙuda ta wuce yini guda? Kuma wace ce cikinmu za ta je ta zauna da 'yar uwar da ta daina fitowa, ta gaya mata wannan labari?