Gargaɗi ga Jama'ar Sabo: A Raba Akwatin "Kallo Kyauta" da Intanet ɗin Gida

Jama'ar Sabo ta Ibadan, masu gida da 'yan haya, masu shago da masu gidajen kallon ƙwallo: duk wanda ke da ɗan baƙin akwatin nan na Android da ake jonawa da talabijin, wanda aka sayar masa da alkawarin zai kama kowace tasha ta duniya kyauta har abada, to ya raba shi da intanet yau ɗin nan. Wanda kuma ke shirin saye, ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Maganar ba ta ji-ta-ji-ta ba ce. A watan Janairun 2023 wani masanin kwamfuta, Daniel Milisic, ya bayyana cewa ya sayi akwati samfurin T95 a Amazon, ya tarar da muguwar manhaja zaune a cikinsa tun daga kwali. A Oktoban shekarar kamfanin tsaron intanet na HUMAN Security ya bi sawun abin, ya laƙaba masa suna BADBOX, ya ce ya ga alamarsa a na'urori akalla 74,000. Cikin samfuran da aka ambata akwai T95, T95Z, T95MAX, X88, Q9, X12PLUS da MXQ Pro 5G. A Disamban 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta datse hanyar na'urori wajen 30,000 a ƙasarta. Abin bai mutu ba. Zuwa Maris na 2025 ya dawo a sabon salo, a na'urori fiye da miliyan ɗaya, a ƙasashe da yankuna 222. Ranar 5 ga Yuni hukumar FBI ta Amurka ta fitar da nata gargaɗin, a Yuli kuma Google ya kai ƙarar mutum 25 da ke Chaina gaban kotu a New York, yana cewa na'urorin da aka kama sun haura miliyan 10. Ku je ku juya akwatin da ke ƙarƙashin talabijin ɗinku, ku karanta sunan da ke jiki. Ko da bai zo cikin waɗannan sunaye ba, kada hankali ya kwanta, domin ana canza suna da kwali, kayan cikin kuwa iri ɗaya ne.

A garin nan aka fara kunna talabijin a Najeriya, ranar 31 ga Oktoban 1959, lokacin da WNTV ta fara aiki. Akwatin wancan zamani, da dikodar da ta biyo bayansa, karɓa kawai suke yi. Na yanzu kwamfuta ce ƙarama, tana karɓa tana kuma aikawa. Da zarar ka ba shi kalmar sirrin Wi-Fi ɗinka, sai ya kira iyayen gidansa a wata ƙasa, ya karɓi umarni. Kai kana kallon wasan Arsenal, shi yana can bayan fage yana buɗe tallace-tallacen da ba ka gani da datar da ka saya da guminka, kuɗin tallan yana shiga aljihun wasu. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar masifar ita ce yana ba da hayar layinka ga 'yan damfara. Mutum yana wata nahiya zai bi ta intanet ɗin gidanka ya buɗe asusun bogi na WhatsApp ko Gmail, ya gwada kalmomin sirrin da aka sato, ya kai wa wani hari, alhali sawun da ya bari na gidanka ne. Layin nan kuwa da sunanka da lambarka ta NIN aka yi masa rajista.

Mutanen Sabo ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Tun da aka kafa unguwar a 1916, sana'ar masu gida ita ce saukar baƙi, fataken shanu da na goro, kuma kowa ya san idan baƙo ya yi ɓarna maigidansa ake nema. Babu maigidan kirki da zai ba baƙon da bai san asalinsa ba ɗaki, ya ƙara masa da makullin ƙofar waje, don kawai ya ce ba zai ci abincin gidan ba. Abin da muke yi da akwatin nan ke nan.

Sai a ƙara da irin sana'ar unguwar. Ɗan canji, mai POS, dillalin da ake turo wa kuɗin kaya daga Kano ko Bodija, duk a waya suke aiki. Wayar nan da ke ɗauke da manhajar banki, da yamma a kan na'urar Wi-Fi ɗaya take hawa da akwatin da yara ke kallon katun. Wasu ma da wayar tasu suke ba akwatin intanet kai tsaye, sannan su shigar masa da adireshin Gmail ɗin da duk lambobin abokan ciniki ke ciki. Akwatin da wani ke juyawa daga nesa bai kamata ya zauna layi ɗaya da dukiyar mutane ba.

Na san abin da ke tura jama'a. Kuɗin DStv da GOtv ya yi ta hawa, har a Maris na 2025 an sake ƙarawa, a farkon shekarar kuma hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin 100. Sai ga yaro a bakin titin Mokola ko cikin Dugbe da kwali mai sheƙi yana cewa, "Alhaji, sau ɗaya za ka biya, an gama." Yawancin masu sayarwar nan ba su san abin da ke ciki ba, sari suka yi daga Legas, don haka kada a je a ci kwalar kowa. Amma a tuna, araha ba ta ado. Kwalin zai rubuta 8K, ya rubuta ma'ajiya mai girman gaske, a ciki kuwa sau da yawa tsohon kaya ne da aka sa ya riƙa faɗin ƙarya game da kansa. Shi ya sa yake zafi, yake tsayawa daidai lokacin bugun fanareti. Tashoshin "har abada" ɗin kuma na sata ne, wata rana za a wayi gari sun ɗauke, mai lambar da ka biya ya daina ɗaga waya. Masu gidajen kallo su ƙara kula, don Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta shafi mai karɓar kuɗin jama'a yana nuna musu abin sata.

Ga yadda za a gwada. A buɗe Play Store a akwatin, a shiga saiti, a nemi inda aka rubuta Play Protect. Idan bai nuna cewa Google ya tantance na'urar ba, a ajiye ta. Idan babu Play Store ɗin sam, sai wata kasuwar manhajoji da ba a san ta ba, ko mai haɗawa ya ce sai an kashe Play Protect kafin tashoshi su fito, an gama magana. Haka idan data na ƙarewa alhali ba wanda ya kunna kallo. Goge akwatin a mayar da shi kamar sabo ba ya magani, domin cutar a cikin ginin manhajarsa take, za ta dawo.

Wanda ke son saye ya fara tambayar kansa me gidan ke kallo. Idan abin da ya wuce ku ne kuke son cimmawa, Labarina, Izzar So, Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, tafsirin da aka yi kuna kasuwa, to yawancinsu suna YouTube ko manhajar tashar da ta yi su, kuma kowace na'ura mai asali za ta buɗe YouTube: Fire TV Stick na Amazon, Xiaomi TV Box S, ko Google TV Streamer da ya maye gurbin Chromecast a 2024. Su ma ana yin jabunsu, a sayi a shagon da ke ba da rasit, a kunna a gaban mai shago. Kada a yarda da wanda ya ce akwatinsa zai kawo BBC iPlayer, wannan na mazauna Birtaniya ne kaɗai. A kuma rage ƙarfin hoto. A lissafin Netflix, awa ɗaya na hoto matsakaici na cin kusan giga 1, mai kyau sosai har giga 3, na 4K kuwa har 7.

Idan kuwa gidan na masu zuwa shagon tura fina-finai ne, a cika filasha ko faifan ajiya a dawo, to a nemi akwati mai ramin USB na sosai, a sa masa VLC ko Kodi daga Play Store. Sandar Fire TV ba ta da wannan rami sai an ƙara mata wata waya. Kodi kansa halal ne, ƙare-ƙaren da masu gyara ke cusa masa don satar tashoshi su ne matsalar. Sau da yawa ma talabijin ɗin da kanta tana karanta filasha, ba sai an sayi komai ba.

Wanda ya riga ya yi amfani da akwatin da ake zargi, bayan ya zare shi, ya canza kalmar sirrin Wi-Fi, ya canza ta Gmail da duk wani asusu da ya taɓa shigarwa a ciki, daga wayarsa, ya kuma duba saƙonnin bankinsa na 'yan watannin nan. Muna roƙon limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su faɗa wa jama'a bayan sallah da wajen taro, har a Sasa da Ojoo. Kuma don Allah kada wanda ya sayar da nasa ga maƙwabci, ko ya sa shi a mota ya aika wa 'yan uwa a Arewa da sunan tsaraba. A cire rimot da wayar HDMI, su za su yi amfani a gaba, akwatin kuma a fasa shi kafin a ba 'yan gwangwan.