3.2 Gidan Makama da Kayan Fasahar da ke Cikinsa

Gidan Makama yana cikin birnin Kano, daura da fadar Sarki. Tarihi ya nuna cewa an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. Wato ke nan ginin ya yi zamani da mashahuran masu zanen Italiya irin su Liyonado da Binci. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan, daga baya aka mayar da shi gidan adana kayan tarihi.

Abin lura a nan shi ne, fasahar Bahaushen wancan zamani ba ta tsaya ga zana surar mutum ba, ta fi bayyana a gini da ƙira da saƙa. Don haka mai ziyara zai ga rufin azara da bakan gizo, da ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, da sulke da sauran kayan yaƙi. Sai dai ginin ƙasa ne. Matuƙar aka daina yi masa yaɓe, ruwan sama da gara za su cinye wannan gado.