Me Ya Sa Fayil Ɗin Excel Ke Kumbura? Ga Yadda Ake Rage Masa Nauyi

A ƙarshen kowane zango, da zarar an ajiye biro, sai aikin tattara maki ya taso wa malamai. A makarantu da dama yanzu da manhajar Excel ake yin wannan aiki. Ana shigar da sunan ɗalibi da makin gwaji da na jarrabawa, kwamfuta ta haɗa jimla, ta fitar da na ɗaya har zuwa na ƙarshe. Wasu malaman kan kira 'yan kulob ɗin kwamfuta su taya su, don haka wataƙila wasunku sun taɓa cin karo da matsalar da za mu duba a wannan makon.

Fayil ɗin da a da yake buɗewa nan take, yau sai ka danna shi, ka je ka sha ruwa ka dawo bai gama buɗewa ba. Idan aka so tura wa shugaban makaranta, sai a tarar Gmail ba ya ɗaukar abin da ya haura megabait 25 a jikin wasiƙa. Idan ta WhatsApp ne, data ta tafi. Mafi muni shi ne ya maƙale ana tsakiyar adanawa, wuta ta ɗauke, aikin yini guda ya salwanta, ga iyaye suna jiran sakamakon 'ya'yansu.

Abin lura shi ne, sunaye da maki ba su da nauyi. Yawancin abin da ke kumbura irin wannan fayil tarkace ne da ya taru shekara da shekaru ba a share ba. Aikinmu shi ne mu gano inda tarkacen yake, mu cire shi ba tare da mun taɓa makin kowa ba.

Mu fara sanin kayan aikin

Fayil ɗin Excel kamar littafi ne mai shafuka. Kowane shafi an tsaga shi da layukan kwance masu lamba da layukan tsaye masu harafi, inda suka haɗu kuma shi ne gurbin da ake rubutu a ciki, misali A1 ko C12. Tun daga Excel na shekarar 2007, shafi ɗaya yana da layukan kwance 1,048,576 da na tsaye 16,384. Ajin da ke da ɗalibai 60 kuwa layi 60 kacal yake buƙata.

Makiro kuma jerin umarni ne da ake ajiyewa a cikin fayil domin kwamfuta ta maimaita wani aiki da kanta, kamar fitar da takardar sakamakon kowane ɗalibi da danna maɓalli ɗaya. Ana rubuta shi da harshen VBA, wanda ya shigo Excel a shekarar 1993. Fayil mai ɗauke da makiro yawanci sunansa yana ƙarewa da .xlsm, wanda ba shi da shi kuma .xlsx.

Kwafi tukuna

Kafin a taɓa komai, a kwafi fayil ɗin a ajiye na asalin a wani wuri dabam, ko a filash ko a wata kwamfutar. A kan kwafin za a yi duk gyaran. Dalili kuwa, idan mutum ya yi kuskure da hannu yana iya danna Ctrl da Z ya koma baya, amma abin da makiro ya goge ba ya dawowa ta wannan hanya. Haka kuma idan fayil ɗin na makaranta ne, sai da izinin malamin da ke kula da shi.

A leƙa cikinsa

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: fayil ɗin .xlsx ko .xlsm ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri ɗaya. Ku sake yin wani kwafin, ku canza ƙarshen sunansa zuwa .zip, ku buɗe. Za ku ga wata jaka mai suna xl. A cikinta akwai worksheets inda shafuka suke, da media inda hotuna suke, da styles.xml mai riƙe da salon ado, da vbaProject.bin mai riƙe da makiro. Ku duba girman kowanne. Wanda ya fi sauran girma nesa ba kusa ba, daga kansa za a fara. Wannan dubawa ta minti biyu tana hana mutum ɓata yini yana gyaran inda ba nan ciwon yake ba.

Guraben da ba komai a cikinsu

Wannan shi ne babban mai laifi a mafi yawan lokuta. Ku shiga shafi ku danna Ctrl da End tare. Excel zai kai ku gurbin da yake ɗauka shi ne na ƙarshe da aka yi amfani da shi. Idan sunan ɗalibi na ƙarshe yana layi na 61, amma kuka tsinci kanku a layi na 50,000, to an kama ɓarawon.

Yaya hakan ke faruwa? Mu ɗauka wani ya ja linzami daga A1 har zuwa Z50000 ya sanya wa guraben layin kewaye, da niyyar kada ya sake wahala baɗi. Layukan tsaye 26 sau na kwance 50,000 sun ba da gurabe 1,300,000. Excel zai rubuta bayanin kowannensu a cikin fayil, alhali babu ko harafi ɗaya a ciki. Haka abin yake idan aka ja fomula ƙasa har dubban layukan da ba kowa a kansu.

Ga maganin. Ku danna lambar layin da ke ƙasa da bayananku na ƙarshe, ku riƙe Ctrl da Shift ku danna kibiyar ƙasa, sannan ku danna gefen dama na linzami ku zaɓi Delete. A kula, maɓallin Delete na kan allon rubutu ba ya wannan aikin, rubutu kawai yake sharewa ya bar adon. Ku yi haka ga layukan tsaye da ke dama da bayananku. Daga nan ku adana, ku rufe, ku sake buɗewa, ku gwada Ctrl da End.

Idan shafukan suna da yawa, ɗan ƙaramin makiro zai taƙaita muku binciken. Ku danna Alt da F11, ku zaɓi Insert sannan Module, ku rubuta wannan:

Sub DubaShafuka()
For Each s In Worksheets
MsgBox s.Name & " " & s.UsedRange.Address
Next
End Sub

Da kun danna F5 zai riƙa nuna sunan kowane shafi da iyakar filin da ya mamaye, har da shafukan da aka ɓoye. Mun zaɓi wannan makiro ne saboda dubawa kawai yake yi, ba ya goge komai.

Hotuna

Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait biyu ko fiye. Idan aka liƙa hoton fasfo na ɗalibai 60 kai tsaye daga waya, kowanne megabait 2, an tara megabait 120 ke nan. Jan kusurwar hoto don ya ƙanƙance a ido ba ya rage nauyinsa, kuma sashen da aka datse yana nan a ɓoye. Ku danna hoton, ku nemi Compress Pictures, ku rage ƙarfinsa, ku kuma zaɓi a goge sassan da aka datse.

Akwai kuma hotunan da ba a gani. Makiron da ke liƙa tambarin makaranta duk sa'ad da aka danna shi yana iya jibga tambari ɗari, wani kan wani, ido yana ganin ɗaya. Wasu hotunan kuma idan aka goge layin da suke kai sai su shafe su zama kamar zare, amma suna nan. Danna Alt da F10 yana fito da jerin duk hotuna da zane-zanen da ke shafin, daga nan sai a goge marasa amfani.

Ado da sunaye da tsofaffin fomula

Duk sa'ad da aka kwafo shafi daga wani fayil, yakan taho da salon adonsa da sunayen da aka laƙaba wa wasu gurabe. Bayan 'yan shekaru sai su yi yawa. Ku danna Ctrl da F3 ku ga jerin sunayen. Waɗanda aka rubuta #REF! a gabansu suna nuni ne zuwa wurin da aka riga aka goge. Haka ƙa'idar nan da ke mayar da makin faɗuwa ja: yawan kwafi da liƙawa yana tsinka ta gida-gida, ƙa'ida ɗaya ta zama ɗaruruwa. A share su a shafin a sake kafa guda ɗaya.

Sakamakon zangon da ya wuce ba zai sake canzawa ba, saboda haka ba ya buƙatar fomula. A kwafe shi, a zaɓi Paste Special sannan Values, sai alƙaluma su tsaya, lissafin ya tafi. Abin da ya fi ma shi ne kowace shekarar karatu ta samu nata fayil.

Shi kansa makiron

Excel yana da na'urar naɗar makiro, wadda ke rubuta duk abin da mutum ya yi da linzami, har da gangarawa ƙasa da kuskuren da ya gyara. Makiron da aka samar ta haka yakan cika da layukan banza, kuma idan an naɗe shi yana ƙawata dubban gurabe, to duk sharar da kuka yi zai dawo da ita a dannawa ɗaya. Dole a karanta shi a gyara inda yake wuce gona da iri. Masu wannan sana'a kuma sukan fitar da kowane sashen makiro zuwa waje, su cire shi daga fayil, su sake shigo da shi, domin kawar da ragowar da ke taruwa bayan yawan gyare-gyare.

Hattara da abu biyu. Na farko, shafin da aka ɓoye ba lallai shara ba ne. Yana iya zama a nan jadawalin darajar maki yake, wanda makiro ke dubawa kafin ya ce wannan A ne wancan C. Goge shi zai rikita sakamakon kowa. Na biyu, kada ku sauko da makiron sharewa daga inda ba ku sani ba. Makiro yana iya ɗauke da cutar kwamfuta: tun a 1996 aka gano Laroux, wadda ke yaɗuwa ta fayilolin Excel, kuma a 2022 kamfanin Microsoft ya fara toshe makiron fayilolin da aka sauko da su daga intanet.

Wane irin fayil za a adana?

Adanawa a matsayin .xlsb yakan rage girma kuma yana riƙe makiro, sai dai ba kowace manhaja ke buɗe shi da kyau ba. Adanawa a matsayin .xlsx kuwa yana zubar da makiron gaba ɗaya. Idan dubawa kawai shugaban makaranta zai yi a waya, PDF ya wadatar, domin Excel na waya ba ya tafiyar da makiro.

Wanda za a guje wa shi ne tsohon samfurin .xls, mai layuka 65,536 kawai. A watan Oktoban 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ba su shiga ƙidaya a kan lokaci ba, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba. An tattara sakamakon ne a wannan tsohon samfurin, da layukan suka cika sai sauran suka zube ba a lura ba, aka kuma makara wajen neman waɗanda suka yi mu'amala da su. In haka ta faru da hukumar ƙasa guda, to fayil ɗin makaranta ma sai an sa masa ido.

Kafin a ce an gama

Raguwar nauyi kaɗai ba ta isa shaida ba. Ku buɗe na asali da wanda kuka gyara gefe da gefe. Ku ƙirga ɗalibai, ku gwada jimlar makin kowane darasi, ku zaɓi mutum biyar ku bi makinsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ku danna kowane maɓallin makiro ku ga yana aiki. Idan alƙalami ɗaya ya saɓa, ku koma kan kwafin asali ku sake farawa.

Aikin wannan makon: a ɗakin kwamfutarku, ku buɗe sabon fayil, ku rubuta sunaye goma, ku adana, ku rubuta girmansa a takarda. Sannan ku sanya layin kewaye daga A1 zuwa Z50000, ku sake adanawa ku duba. Daga ƙarshe ku goge layukan kamar yadda muka nuna, ku duba a karo na uku. Ku kai wa malamin kwamfuta alƙaluman uku, ku bayyana masa abin da ya faru.