Kwaikwayon Hannun Magabata: Masu Sha'awar Zana Taurarin Tsofaffin Jaridu

Daga cikin abubuwan da mutane suke ɗebe kewa da su a ƙasashen Turai da Amurka, idan sun taso daga aiki ko kuwa shekaru sun ja har sun ajiye aikin, akwai wani aikin hannu wanda ba a neman ko anini da shi, wato mutum ya ɗauko tsohuwar jarida, ko littafin da aka tara labaran zane na dā a cikinsa, ya zaɓi tauraron da ya fi ƙauna tun yana yaro, ya zauna da fensir da tawada yana kwaikwayon siffarsa har hannunsa ya saba. Labaran nan su ne waɗanda akan jera cikin 'yan gidaje uku ko huɗu a shafin jarida, kowane gida da hotonsa da maganar da aka kewaye bisa kan mai magana, a gidan ƙarshe kuma a saka abin dariya ko abin da zai sa mai karatu ya ƙosa ya ga jaridar gobe.

Wannan fanni ya kafu a jaridun Amurka tun wajen 1895, sa'ad da Richard Outcault ya fito da wani yaro mai ƙwalƙwal sanye da rawayar riga, amma taurarin da masu wannan sha'awa suka fi komawa gare su a yau daga baya suka zo. A cikin watan Janairun 1929 kaɗai aka sami biyu: ran 10 ga wata Georges Remi, wanda aka sani da Hergé, ya fito da Tintin da farin karensa a Beljiyam, bayan mako guda kuma, ran 17, E. C. Segar ya fito da Popeye, matuƙin jirgin ruwan nan da ƙarfinsa yake cikin alayyafo. Sa'an nan ran 2 ga Oktoban 1950 Charles Schulz ya fara Peanuts, labarin Charlie Brown da karensa Snoopy, bai kuwa ajiye alƙalami ba sai da ajali ya matso, domin zanensa na ƙarshe ya fito ran 13 ga Fabrairun 2000, washegarin rasuwarsa, bayan ya zana labarai 17,897 da hannunsa shi kaɗai, ba tare da mataimaki ba.

Wanda duk ya dubi waɗannan hotuna zai zaci aikin ɗan lokaci ne, alhali kuwa sauƙin nan da ido yake gani shi ne ainihin wahalarsu. Kan Charlie Brown da'ira ce da ɗigo biyu da 'yar lanƙwasa a goshi, amma idan da'irar ta faɗaɗa kaɗan, ko kunne ya sauka da kaurin gashi ɗaya, sai yaron ya zama wani dabam, saboda inda layuka suka yi kaɗan babu inda kuskure zai ɓuya. Tintin ma idanunsa ɗigo biyu ne, alamarsa kuma tukkun nan da ke tsaye a goshi, sai dai Hergé yana jan layi mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba inuwa, ba ƙazanta, wanda yake bukatar hannu natsattse da numfashi a kwance. Popeye kuwa sai mai zane ya kiyaye sirantar damtse da kumburin sangalin hannu, da ido ɗaya a rufe, da lofe a gefen baki, in ya kasa daidaita haɓar nan tasa duk sauran aikin ya tashi a banza.

Saboda haka ne gwanaye suke yi wa mai koyo nasiha da kada ya ɗora farar takarda bisa hoton ya bi sawu, gama wannan ba ya ƙara wa ido basira. Abin da ya kamata shi ne ya ajiye hoton a gabansa, ya fara da fensir a hankali, ya fitar da ƙwallon kai da gangar jiki da tsawon ƙafafu, ya auna nisan ido da hanci, sa'an nan ya bi da baƙar tawada da alƙalamin ƙarfe ko siririn buroshi, ya jira ta bushe kafin ya goge fensirin. Yana da amfani kuma ya sani cewa masu zanen asali sukan yi aikinsu a takarda babba, maɗaba'a ce take rage shi, don haka wanda ya nace sai ya zana daidai da ƙanƙantar jarida ya ɗora wa kansa abin da ma'abota fannin ba su ɗora wa kansu ba. Hanyar dai ita ce ta almajiri da allo: malam ya rubuta, ɗalibi ya duba ya kwaikwaya, ya wanke ya sāke, har rubutun ya zauna a hannunsa.

Aikin yana da ladubbansa. Mai kwaikwayo ba ya danganta wa kansa abin da ba nasa ba, shi ya sa akan rubuta a gindin hoto cewa an bi hannun wane ne, kuma ba a sayar da shi, domin haƙƙin mallaka yana hannun magada da kamfanoni. Ko da yake siffofin farko na Popeye da Tintin sun fita daga wannan haƙƙi a Amurka ran 1 ga Janairun 2025, bayan cika shekara 95, a Turai dokar tana ƙirga shekara 70 ne daga rasuwar mai zane, Hergé kuwa ya rasu a 1983.

Mai karatu Musulmi lalle zai tuna da mas'alar zana abu mai rai, wadda malamai suka yi saɓani a kan iyakokinta, hukunci kuwa nasu ne. Wanda ya zaɓi tsantseni ba a rufe masa ƙofa ba, domin littattafan Tintin cike suke da jiragen ruwa da motoci da gine-gine da aka zana da matuƙar tahƙiƙi, har da rokar nan mai ja da fari da ta kai Tintin da abokansa duniyar wata.

Babbar fa'idar wannan sha'awa ita ce tana koya wa mutum duba na haƙiƙa da haƙurin maimaitawa, kuma ta nan ne silsilar fannin take tafiya. Schulz da kansa, lokacin yana ɗan makaranta, Popeye yake zanawa a littattafan rubutu, daga kwaikwayon nan hannunsa ya ƙware har ya fito da nasa. Wanda ya daure ya bi hannun magabata shekara da shekaru, ko bai zama gwani ba, zai san darajar aikin da dā yake wucewa a kansa da ido ɗaya, in kuwa Allah ya ba shi baiwa, wata rana mutanen unguwarsu ne zai zana.