Takardar awon abincin doki: abin da mai hatsi da dillali ya kamata su sani

  Ana kusantar Salla masu dawakin hawa sukan taso mana, kowa so yake dokinsa ya cika ido ran da Bebeji zai kai gaisuwa Katsina. Yanzu wasu cikinsu, musamman masu dokin folo, har takarda suke zuwa da ita daga ɗakin awo, irin na cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya. Mu da ke auna musu tiya, gara mu san abin da ke ciki.

Akwai dokin da jininsa ba ya ɗaukar sukari, kusan kamar mai ciwon suga cikin mutane. Alamarsa kitse mai tauri a doron wuya da gindin wutsiya, ga ƙiba ko ba a ba shi da yawa ba. Irin wannan in ya ci dawa ya ƙoshi, sai zafi ya sauka a kofato, ya riƙa tsayawa yana miƙe ƙafafun gaba yana jingina baya, ya ƙi taka tsakuwa. In abin ya yi nisa, ƙashin cikin kofaton juyawa yake, dokin kuɗi mai yawa ya koma na turke.

To, ga yadda ake duba takardar. Layi biyu ne na lambobi: ɗaya awon abinci yadda yake da danshinsa, ɗaya bayan an cire ruwa. Na biyun likitoci ke lissafi da shi. Misali dawa mai danshi 10 cikin 100, in layin farko ya ce sitaci 63, a busasshen awo 70 ke nan. Sai a haɗa sitaci da sukari wuri guda. Ga doki mai wannan lalura, ana so jimlar kada ta wuce 10 zuwa 12 cikin 100. Dawa da masara kuwa kusan 70 suke. Kun ga ke nan ba maganar rage mudu ba ce, hatsin ne gaba ɗaya bai dace da shi ba. Mu hatsi muke sayarwa, kuma wallahi ba daɗi mutum ya kori ciniki da bakinsa, amma wanda ka sayar wa buhu dokinsa ya gurgunce, ba shi dawowa rumfarka, kuma zai faɗa a kowace barga.

Abin da ya fi masa shi ne busasshiyar ciyawa da harawa, kimanin kilo 1 da rabi ga kowane kilo 100 na nauyinsa a wuni. In takarda ta nuna sukarin ciyawar ya hau, a jiƙa ta cikin ruwa kamar awa 1, a zubar da ruwan, kada a bar shi ya sha.

Sai dusa, wadda mutanenmu suka ɗauka ba ta da laifi don ba tsaba ba ce. Dusar gida akwai sauran gari a cikinta, sitaci ne. Ga kuma layin kalsiyam da fosfaras: doki na son kalsiyam ya kusa ninka fosfaras, dusa kuwa a juye take. Dokin da aka daɗe ana ciyar da shi dusa zalla, ƙashin fuskarsa kumbura yake. Harawar wake da ta gyaɗa ke gyara wannan, don kalsiyam ɗinsu na da yawa. Kanwar da ake ba shi ba ta maye gurbinsu.

Layin danshi na masu ajiya ne. Harawar da aka ɗaure ta wuce 15 cikin 100 za ta yi fumfuna a tsakiyar dami. Masara mai fumfuna kuwa tana da dafin da ke taɓa ƙwaƙwalwar doki, iyakarsa kashi 5 cikin miliyan, kuma doki ya fi saniya saurin faɗuwa da shi. Wadda ruwa ya taɓa a sito, kada dillali ya karya mata kuɗi ya tura wa mai doki.

Ƙarshe, takarda shaidar abin da aka kai awo ce kaɗai. A ɗebo daga buhu da yawa, sama da ƙasa, a gauraya. Dillalin da ya riƙe takardar harawar bara yana sayar da ta bana da ita, a tambaye shi kwanan watan da ke kanta.