Me ya sa bidiyon hawan sallah ke dagulewa bayan an tura shi?

Duk sallah idan Sarkin Dutse ya fito hawa, matasa kan ɗaga wayoyi su ɗauki dawakai da mahaya. A wayar mai ɗauka hoton tangaram yake, amma da an gyara shi an tura a WhatsApp sai fuskoki su dishe, ƙura ta koma ƙananan akwatuna. Ga masu sana'ar ɗaukar biki, irin wannan kan sa mai biki ya ƙi cika kuɗin aiki.

Matsalar tana wajen bitiret, wato yawan bayanan da ake ware wa kowace daƙiƙa ta bidiyo. YouTube na ba da shawarar Mbps 8 ga bidiyon 1080p mai hoto 30 a daƙiƙa, da Mbps 5 ga 720p. Minti ɗaya a kan Mbps 8 kusan MB 60 ne, kuma kuɗin data ne ke tafiya.

Tsarin matse bidiyo na H.264 yawanci bambancin da ke tsakanin hoto da wanda ya gabace shi yake adanawa. Malami zaune yana karatu ba ya cin bayanai da yawa, amma sukuwar doki cikin ƙura kusan komai take sauyawa. Idan bayanan ba su isa ba, nan hoton ke farfashewa.

Anan matsewa ta zagaye biyu ke da amfani. A zagayen farko manhaja kan duba bidiyon daga farko zuwa ƙarshe, ta gane wuraren da motsi ya yi yawa. A na biyu sai ta rage wa wuraren da ba motsi, ta ƙara wa masu wahala, girman fayil kuma bai wuce wanda aka ƙayyade ba. Illarsa ita ce ya fi cin lokaci da cajin batir. Adobe Premiere Pro da HandBrake a kwamfuta suna da wannan zaɓi.

Mai gyara da CapCut a waya zai iya ɗaga bitiret kafin ya fitar da aikinsa. Sai dai WhatsApp kan sake matse bidiyo, don haka a zaɓi HD, wanda ya shigo a 2023, ko a tura shi a matsayin fayil domin ya isa yadda aka fitar da shi.