Fatu Bensuda: Lauyar da ta Tsaya wa Hubbarorin Tumbutu

Duk wanda ya taɓa shiga gidan shari'a ya ga mutane biyu masu baƙar riga suna jayayya gaban alƙali. Ɗaya lauyan gwamnati ne, shi ke shigar da ƙara da sunan jama'a. Ɗayan lauya ne mai zaman kansa, wanda mutum ke ɗauka don ya kare shi. A wannan wata mun kawo muku labarin wata mace da ta yi aikin nan duka biyu. Sunanta Fatu Bensuda, mutuniyar ƙasar Gambiya.

An haife ta a birnin Banjul a shekarar 1961, cikin gidan musulmi. Da ta gama lakol, sai ta tafi Najeriya, ta karanci shari'a a jami'ar Ife, ta gama a 1986. Ta ƙara shekara guda a makarantar lauyoyi ta Legas. A 1987 ta koma gida, gwamnati ta ɗauke ta lauya mai shigar da ƙara.

Wannan aiki ba na mai gaggawa ba ne. Kafin a gurfanar da mutum, sai an tara shaidu, an bincika takardu, an auna maganar kowa. In shaida ba ta isa ba, alƙali zai saki wanda ake tuhuma, ko da duk gari na zarginsa. Sannu a hankali Fatu ta yi ta hawa, har ta zama ministar shari'a a 1998, zamanin shugaba Yahaya Jame. Har yau akwai masu yi mata tsegumi kan wannan zama, don an zalunci mutane da yawa a wancan mulki.

A shekarar 2000 aka sauke ta. Ba ta zauna gida ba. Ta kama aikin lauya mai zaman kanta a Banjul. Jiya ita ke tuhuma da sunan gwamnati, yau ita ke tsaya wa wanda ya kawo mata kukansa. A 2002 ta shiga aikin kotun Majalisar Ɗinkin Duniya mai shari'ar kisan ƙare dangi na Ruwanda na 1994. A 2004 aka zaɓe ta mataimakiyar babban mai shigar da ƙara a Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuka, a birnin La Haye na ƙasar Holanda. A watan Yuni na 2012 ta hau babbar kujerar. Ita ce mace ta farko, kuma ƴar Afirka ta farko da ta riƙe ta.

Ga shari'ar da ta fi shafar mu. A 2012 masu ɗauke da makamai suka kama Tumbutu, a maƙwabciyarmu Mali. Suka rushe hubbaren waliyyai 9, suka karya ƙofar masallacin Sidi Yahaya. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Ahmad Al Faƙi Al Mahdi. Hukumomin Nijar ne suka miƙa shi ga kotun a watan Satumba na 2015. Fatu da mutanenta suka kawo hotunan da aka ɗauka ranar rushewar. Ya amsa laifinsa, ya nemi gafarar mutanen Tumbutu. A 2016 aka yanke masa shekara 9 a gidan kaso. A 2017 kotu ta ƙiyasta diyya ta Yuro miliyan 2.7, wato sama da miliyan 1,700 na kuɗin sefa. Wannan ne karo na farko da kotun ta hukunta mutum kan rushe kayan tarihi.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba. A 2014 ta janye ƙarar shugaban Kenya Uhuru Kenyata, don shaida ta gaza. A 2019 alƙalai suka wanke Loran Bagbo, tsohon shugaban Kodibuwa. A 2020 gwamnatin Amurka ta sa mata takunkumi saboda binciken yaƙin Afganistan, aka ɗage shi a 2021. Duk da haka, a zamaninta aka yanke wa Bosko Ntaganda na Kongo shekara 30, aka yanke wa Dominik Ongwen na Uganda shekara 25. Wa'adinta na shekara 9 ya cika a watan Yuni na 2021.

To, ƴan'uwa, abin lura a nan shi ne: a gaban alƙali, zargi ba ya cin shari'a, shaida ke ci. In rigimar gona ko ta bashi ta haɗa ka da wani, ka adana takardarka, ka san shaidunka tun kafin ranar ta zo. Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo.